Aika kuɗi gida da cire kuɗi a ƙasar waje: ina ake yin asara, ta yaya za a rage ta?



Da zarar hadari ya fara haɗuwa, ko salla ta matso, ko rumbu ya yi ƙasa kafin sabon hatsi ya nuna, tambayar da ke bakin ƴan bida da iyalansu ita ce: wace hanya ta fi araha a aika kuɗi gida? Maniyyata da ƴan kasuwa kuma tasu tambayar ita ce yadda za su samu kuɗin kashewa a ƙasar da ba a karɓar sefa. Mun tattara bayanin a nan domin wanda ya ji a rediyo ya samu inda zai koma ya duba, ko ya sa ɗan makaranta ya karanta masa a tsanake.

Abin da muke so ku riƙe tun farko shi ne wannan: kada ku tsaya ga tambayar «nawa ne kuɗin aikawa?» Ku tambaya «idan na ba da kaza, sefa nawa za ta shiga hannun mutumina a gida?» Amsar wannan tambayar ce kaɗai ke nuna hanyar da ta fi sauƙi.

Ƙofofi huɗu da kuɗi ke raguwa

Kuɗin da ya taso daga Abijan ko Kano ko Faransa yakan ratsa ƙofofi huɗu kafin ya zama buhun hatsi a ƙauye.

Ta farko ita ce la'adar aikawa, wadda ake rubutawa a resi. Ita kowa ke gani.

Ta biyu ita ce farashin canji. Idan kuɗin da aka ba da naira ce ko sidi ko dalar Amurka, dole a mayar da ita sefa, kuma mai canjin ne ke yanka farashi. A nan ne aka fi yin asarar da ba a ganin ta, domin ba a rubuta ta da sunan la'ada.

Ta uku ita ce kuɗin cirewa. Idan an turo kuɗi cikin tarho, mai shagon da zai ba ku tsaba yana da abin da ake cirewa.

Ta huɗu ita ce hanya. Tsohuwar da za ta hau kabu-kabu daga ƙauye zuwa Tasawa ko Madawa ko Magarya, ta ci abinci a can, ta dawo, ta kashe wani abu cikin abin da aka aiko mata. Idan aka ce mata ta dawo gobe saboda an yi kuskuren suna, ta biya sau biyu ke nan.

Bankin Duniya yana bin diddigin tsadar aika kuɗi tsakanin ƙasashe. Ƙididdigarsa ta shekarun nan ta nuna cewa mai aika dalar Amurka 200 yana asarar sama da kashi 6 cikin 100 a matsakaicin lissafi na duniya, mai aikowa Afirka kudu da Sahara kuwa wajen kashi 8, wato mu muka fi kowa biya. Ta kuma nuna cewa aikawa ta banki ita ta fi tsada ga ƙaramin kuɗi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin a sauko da wannan tsada ƙasa da kashi 3 cikin 100 kafin shekarar 2030. Wannan ya ba mu ma'auni: idan duk abin da aka cire muku a jika 100 bai wuce jika 3 ba, kun samu hanya mai kyau. Idan ya kai jika 8 ko 10, ku nemi wata.

Lamba ɗaya da ya kamata kowa ya haddace

Sefar da muke kashewa ɗaure take da yuro. Tun shekarar 1999, yuro 1 daidai yake da sefa 655.957, ba ya hawa ba ya sauka. Yuro 100 ke nan sefa 65,595. Saboda haka wanda ke aikowa daga Faransa, Beljiyam, Italiya, Jamus ko Sifen ba shi da dalilin yarda da farashin da ya yi ƙasa da wannan sosai.

Ga misali na lissafi kawai. Mutum yana da yuro 200. Kamfani na farko ya ce masa babu la'ada ko tamma, amma yana ba da sefa 640 a kan yuro. Abin da zai isa gida sefa 128,000. Kamfani na biyu ya cire yuro 3 na la'ada, ya canza sauran 197 a kan cikakken farashi. Abin da zai isa gida sefa 129,223. Kun ga wanda ya ce kyauta ne shi ya fi cin kuɗi, da sama da jika guda. Araha ba ta ado.

Dalar Amurka, fam na Ingila, naira, sidi da riyal duk suna motsi a kan sefa. Ga waɗannan sai an duba farashin ranar. Mai tarho da intanet zai iya rubuta sunan kuɗin biyu ya ga farashin kasuwar duniya, sannan ya gwada da wanda aka faɗa masa. Tazarar da ke tsakani ita ce ribar mai canji.

Daga ƙasashen sefa

Ƙasashe takwas ne ke kashe sefar Afirka ta Yamma: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gini Bisau, Mali, Senegal da Togo. Babban bankinsu ɗaya ne, BCEAO, mai hedikwata a Dakar. Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, amma wannan bai canza kuɗin da ke aljihunmu ba. Ɗan bidar da ke Abijan ko Lome ko Kwatano ba shi da matsalar canji ko kaɗan. La'ada ce kawai zai duba, da kuɗin cirewa.

A wannan yanki kamfanonin gida irin su Nita, Amana, Al Izza da Zeyna su ne mutanenmu suka fi sani. Suna da gishe a garuruwa da yawa na cikin ƙasa, wasunsu kuma sun buɗe rassa a ƙasashen maƙwabta. Wasu sun fito da manhajar tarho, kamar MyNita da AmanaTa, wadda ke rage bin layi. Sai kuma kuɗin tarho na kamfanonin sadarwa: Airtel Money, Moov Money da Zamani Cash.

Ba mu jera farashinsu a nan ba domin yana canzawa, kuma na cikin ƙasa daban yake da na ƙetare iyaka. Abin lura shi ne yawancinsu bisa mataki suke yanka la'ada: daga kaza zuwa kaza, kuɗi kaza. Idan abin da za ku aika ya ɗan haura bakin mataki da ƴan daloli, kuna iya faɗawa cikin farashin sama. Ku dubi allon da ke manne a gishe kafin ku faɗi adadi. Sannan ku tambayi na gida wane gishe ya fi kusa da shi, domin ragin dala ɗari a Abijan ba shi da amfani idan zai sa mahaifi ya biya jika biyu na mota.

Na Kamaru, Cadi, Gabon, Kwango, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini su ma sefa suke kashewa, darajarta ɗaya da tamu a kan yuro, amma babban bankinta daban ne, BEAC, a Yawunde. Takardunsu ba sa sayen komai a kasuwar Maraɗi sai an canza, kuma mai canji zai cire nasa. Wanda zai dawo gida daga can, gara ya turo kuɗin ta kamfani ya karɓa a nan da sefarmu, idan la'adar ba ta kai abin da ɗan canji zai cire ba.

Daga Najeriya da Gana

Naira ita ce ta fi ba mutanenmu wahalar lissafi. Tun da aka sake ta a kasuwa a watan Yuni na 2023, ta faɗi daga wajen naira 460 a kan dalar Amurka a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Duk wanda ya tara naira a ƙarƙashin katifa a wannan tsakanin yana jiran ranar komawa gida ya ga yadda guminsa ya narke. Haka kuma, a ƙa'idojin Babban Bankin Najeriya na 2024, manyan kamfanonin aika kuɗi na duniya aikinsu a can shi ne biyan kuɗin da ke shigowa, ban da fitarwa. Shi ya sa yawancin masu aikowa ke bi ta hannun ƴan canji: na Wapa a Kano, da na kan iyaka kamar Jibiya da Ɗan Isa, Illela da Ƙwanni, Kamba da Gaya, Maigatari da Kwangwalam.

Yadda abin ke tafiya sananne ne. Mai aikawa ya tura naira asusun ɗan canji ta banki ko OPay ko Moniepoint, shi kuma ya sa abokin hulɗarsa ya ba da sefa a wannan gefe, ko ya saka ta a gishen wani kamfani. Hanyar tana da sauri, amma komai ya rataya ga farashi da amana.

Ga misali na lissafi: wani ya ce jika guda naira 2,500, wani ya ce 2,600. A naira 100,000, na farko zai ba da sefa 40,000, na biyu 38,461. Bambancin naira ɗari da ba a ɗauke ta a bakin komai ba ya cinye sama da jika ɗaya da rabi. Saboda haka ku tambayi mutum biyu ko uku kafin ku tura, ku yanke magana a kan adadin sefar da za a bayar, a rubuta shi cikin saƙon tarho ko a faɗe shi cikin saƙon murya, kuma ku ajiye hoton shaidar turawa. Idan farashi ya motsa da yamma, babu gardama.

Na Gana ma haka ne da sidi. Shawarar ɗaya ce: wanda kuɗinsa na gida ne, kada ya bar shi ya daɗe cikin kuɗin da ke faɗuwa.

Daga Libiya da Aljeriya

A waɗannan ƙasashe biyu doka ta tsaurara fitar da kuɗi, kuma dinarinsu yana da farashi biyu, na banki da na kasuwa. Da yawa daga cikin ƴan'uwanmu da ke can ba su da takardun da za su shiga banki. Abin da ya rage musu shi ne ɗan kasuwa: a ba shi dinari a Sabha ko Tamanrasat, ɗan'uwansa ya ba da sefa a Agadas ko Tawa ko Damagaram.

Wannan hanya ba ta da kariyar hukuma. Idan kuɗi ya ɓace, babu ofishin da za a kai ƙara da resi a hannu. Wanda ba shi da wata mafita ya zaɓi mutumin da aka san gidansu da shagonsa a nan gida, ya fara gwada shi da kaɗan, kada ya damƙa masa tarin shekara guda a rana ɗaya. A yanke adadin sefa da ranar biya a gaban shaidu. Ɗauko tsabar kuɗi a jiki a ratsa Sahara da shi kuwa ya fi kowace hanya haɗari, ga kuɗin da mai shi baki ɗaya.

Daga Turai da Amurka

Western Union, MoneyGram da Ria su ne tsofaffin hannu, kuma ana karɓar kuɗinsu a bankuna da gishe na manyan garuruwanmu. Sau da yawa aikawa ta manhajarsu ko shafinsu na intanet ta fi araha a kan zuwa shago da tsaba. Akwai kuma sababbin manhajoji masu tura kuɗi kai tsaye cikin tarho, sai dai ba dukansu ke kawowa Nijar ba, don haka a duba sunan ƙasar a jerinsu kafin a buɗe asusu. Ragin da ake yi wa sabon shiga na aikawar farko ne kawai. Ku sake gwada farashi a karo na biyu.

Na Amurka su lura da abu biyu. Daga 1 ga Janairu na 2026 akwai harajin kashi 1 cikin 100 a kan kuɗin da aka aika waje idan da tsaba aka biya, amma bai shafi wanda ya biya daga asusun bankinsa ko da katin bankin Amurka ba. Sannan dokar can ta wajabta wa kamfani ya nuna muku adadin da zai isa hannun mai karɓa kafin ku biya, kuma kuna da minti 30 na soke aikawar idan ba a riga an karɓa ba.

Turawa daga banki zuwa banki ta dace da babban kuɗi, kamar na gini ko sayen fili, domin tana barin shaida. Amma bankin da ke tsakiya yakan cire nasa, na nan ma ya cire. Ku tambayi bankunan biyu tun kafin ku sa hannu.

Abu na ƙarshe a nan: idan la'adar tsayayya ce a kan kowace aikawa, turo jika 60 sau ɗaya a wata ya fi turo jika 15 sau huɗu. Ya rage la'ada, ya rage wa na gida zirga-zirga.

Cire kuɗi a ƙasar waje

Yanzu ga matafiya. Wanda zai je ɗaya daga ƙasashe takwas na sefa, katin banki mai alamar GIM-UEMOA ya ishe shi. An kafa wannan tsari a shekarar 2003 domin katin bankin Yamai ya yi aiki a injin cire kuɗi na Lome ko Dakar, babu canji, kuma abin da ake cirewa bai kai na katin ƙasa da ƙasa ba. Wanda ba shi da kati zai iya tura wa kansa kuɗi ta kamfanin da ke da reshe a garin da za shi, ya karɓa idan ya sauka. Ƴan kasuwa da yawa haka suke yi don kada su kwana a mota da kuɗi a jiki.

Wanda zai fita yankin sefa yana bukatar kati mai alamar Visa ko Mastercard. Kafin tafiya ya je bankinsa da tambayoyi huɗu: an buɗe katin don aiki a waje? Nawa ne iyakar abin da zan iya cirewa a rana da a mako? Nawa kuke cirewa a kowace cirewa, tsayayye da na kashi cikin 100? Wace lamba zan kira idan kati ya ɓace? Ya kuma dubi ranar ƙarewar katin.

A gaban injin, ga abin da ke cin kuɗin mutane. Na farko, yawan cirewa kaɗan-kaɗan. Idan misali banki na cire jika 2 a kowane zuwa, mai cire jika 20 sau biyar ya biya jika 10, mai cire jika 100 sau ɗaya ya biya jika 2. Na biyu, wasu injina sukan tambaya ko kuna so su yi muku canjin da kansu, su nuna adadin da yuro ko dala. Ku ƙi, ku zaɓi a lissafa da kuɗin ƙasar da kuke ciki, domin farashin mai injin kusan kullum ya fi na kamfanin kati tsada. Na uku, injinan da ke filin jirgi da bakin otal sukan ƙara nasu kuɗin. Na jikin banki ya fi, kuma idan ya haɗiye kati akwai wanda za a yi wa magana. Kuskuren lambar sirri sau uku yakan rufe kati.

Maniyyata su sani cewa riyal ɗaure yake da dalar Amurka, riyal 3.75 a kan dala 1. Sefa ba ta samun farashi mai kyau a wajen ƴan canjin ƙasashen nesa, don haka gara a canza tun a gida, a banki ko wajen mai canjin da ke da izini, a karɓi resi. Kowane canji yana cin wani abu, kada a yi ta juya kuɗi daga wannan zuwa wancan. A raba guzuri biyu, wani a kati wani a tsaba, kada a haɗa su a jaka ɗaya. Mai ɗauke da tsaba mai yawa dole ya bayyana wa duwan: daga yuro 10,000 a ƙasashen Tarayyar Turai, sama da dala 10,000 a Amurka, a Saudiyya ma akwai iyakar da aka sa. Ɓoyewa na iya jawo a ƙwace kuɗin.

Masu zuwa hutu gida da katin Turai su ma su tambayi bankinsu. Ko da yake sefa ɗaure take da yuro, bankuna da yawa suna lissafa Nijar cikin ƙasashen wajen yankin yuro, su cire la'ada. Injina kuma a manyan garuruwa suke, sukan ƙare kuɗi a ƙarshen wata da jajibirin salla. Ba mu manta da lokacin takunkumin da ya biyo bayan 26 ga Yuli na 2023 ba, wanda aka ɗage a watan Fabrairu na 2024, yadda bankuna suka taƙaita abin da mutum zai iya cirewa. Matafiyi ba ya dogara da hanya ɗaya.

Ga mai karɓa a gida

Sunan da aka rubuta dole ya zama daidai da na katin ɗan ƙasa, harafi da harafi. Mahamadou da Mamadou da Mohamed mutum uku ne a idon kwamfuta. Mafi sauƙi shi ne a ɗauki hoton katin a tura wa mai aikawa. Idan tsoho ba shi da kati, ko nasa ya ƙare aiki, a sa sunan ɗa ko ƙane amintacce tun farko.

A faɗi adadin da lamba. A bakinmu «ɗari» na nufin dala ɗari, wato sefa 500, amma yaron da ya tashi a waje zai ɗauka sefa 100 ake nufi. A rubuta 25,000 F, magana ta ƙare.

Lambar karɓa sirri ce tsakanin mai aikawa da mai karɓa. Ta Western Union lambobi 10 ce, ta MoneyGram 8. Kada a karanta ta da ƙarfi a majalisa ko a saka ta a zauren WhatsApp na gari. Babu kamfanin da zai kira ku ya nemi lambar sirrin tarhonku. Wanda ya kira ya ce ya turo muku kuɗi bisa kuskure ku mayar masa, ku fara duba ainihin abin da ke asusunku, domin saƙon ƙarya ana iya ƙirƙira shi. Wanda ya ce ɗanku yana hannun hukuma ko asibiti a waje a turo kuɗi yanzu-yanzu, ku kashe tarho ku nemi ɗan naku ko abokan zamansa ta lambar da kuka sani. A ƙirga kuɗi a gaban gishe kafin a juya baya, a ajiye resi.

Kafin ku miƙa kuɗi

Matambayi ba ya ɓata. Ku tambayi wuri biyu aƙalla sefa nawa za ta shiga hannu, ku cire kuɗin cirewa da na mota, sannan ku zaɓa. Bayan wata uku ku sake tambaya, domin wanda ya fi araha da rani ba lalle ne shi ne da damina ba. Jika biyu da aka tsirar a kowace aikawa, a shekara jika 24 ce, kuma kowa ya san abin da jika 24 ke saye a kasuwar hatsi.

Allah ya sa albarka a nema, ya dawo da na nesa gida lafiya.